Kayan sauti na zamani a ƙasar Mallawa: a guji cinikin biri a sama

Tun daga kaset ɗin bidiyo na shekarun 1990 har zuwa faifan Blu-ray, kamfanonin duniya ba su fasa yi wa jama'a alkawarin kawo musu silima har cikin ɗaki ba. A yau kwalaye masu tambarin Dolby da DTS sun iso kasuwannin bakin iyaka. Mene ne ma'anar waɗannan sunaye, kuma nawa ne daga cikin alkawarin yake isa kunnen mai saye a Mallawa, ko Dungas, ko Magarya?

Idan aka sallame sallar isha'i a garuruwan kudancin jihar Damagaram, abin da yake fara tashi shi ne ƙugin injin wuta, wanda aka fi sani da gurup, sa'an nan muryar lasifika ta biyo baya. Gidan kallo ba wani babban gini ba ne: zana ce aka kewaye, aka jera bencina, aka ɗora talabijin bisa tebur. Amma duk mai irin wannan gida ya san sirrin sana'arsa. Hoto sai wanda ya biya ya shiga yake ganinsa, sauti kuwa shi yake tsallake zana ya je ya kira mutane daga majalisarsu. Saboda haka tun kafin maganar kayan sauti ta shiga ɗakunan ma'aikata da attajirai, ta riga ta zama maganar neman abinci.

Mallawa, wadda takardun hukuma suke rubutawa Malawa, tana cikin gundumar Dungas tun shekarar 2011, lokacin da aka cire Dungas daga gundumar Magarya. Ƙasa ce ta bakin iyaka, mai fuskantar jihar Jigawa ta Najeriya. Kasuwar Maigatari, mai ci ranar Alhamis, da hanyar Magarya zuwa Babura, su ne ƙofofin da haja take bi tsakanin wannan yanki da Kano. Ta nan dabbobi da wake da riɗi suke sauka kudu, ta nan kuma rediyo da talabijin da lasifika suke hawowa arewa. Malamin makaranta ko ma'aikacin kiwon lafiya da ya yi wata da watanni yana tsimin albashinsa domin ya gyara ɗakinsa, da ɗan kasuwar da ya zuba jarinsa cikin kwalaye goma ko ashirin, dukansu biyu suna tsaye gaban rubutu ɗaya a jikin kwali, na Turancin Ingilishi, wanda sau da yawa babu mai fassara shi a cikinsu.

Daga kaset zuwa faifai

Waɗanda suka manyanta suna tuna akwatunan talabijin na jama'a, masu aiki da hasken rana, da aka rarraba a ƙauyuka zamanin Seyni Kountché, bayan da Télé Sahel ta fara aiki a 1979. Lasifika ɗaya ce ƙarama a jikin akwatin, kuma ita take ciyar da dandali guda. Bayan haka kaset ɗin VHS ya shigo, tare da wata matsala da tsofaffin ƴan kasuwa ba su manta ba: Nijar tana bin tsarin launi na SECAM irin na Faransa, Najeriya kuwa tana bin PAL. Wanda ya sayo kaset a Kano ya sa shi cikin na'urar da ba ta san tsarin biyu ba, sai ya ga hoto fari da baƙi. Darasin farko ke nan, cewa abin da ke cikin kaset ba ya isa ga mai kallo sai duk na'urorin da ke tsakani sun fahimci juna.

A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fito da Turmin Danya, wanda ake lissafawa a matsayin mafarin fina-finan Hausa na bidiyo. Cikin shekaru goma kasuwar Ƙofar Wambai ta zama cibiyar wannan haja, kaset yana fita daga can zuwa Damagaram da Maraɗi da Agadas. Sautin yawancin waɗannan kaset hanya ɗaya ce tak, kuma duk lokacin da aka kwafa daga kaset zuwa kaset sai murya ta ƙara dushewa, shuu ya ƙaru. Sunan Dolby ma a kan wannan shuu aka fara saninsa. Ray Dolby, injiniya ɗan Amurka, ya kafa kamfaninsa a London a 1965, kuma ɗan maɓallin nan mai sunansa da ake gani a jikin rakodojin kaset aikinsa rage wannan ƙara ne.

Faifan VCD, wanda aka tsayar da ƙa'idarsa a 1993, ya kawar da dushewar kwafi, domin lambobi ake kwafa ba maganaɗisu ba. Sai dai minti 74 kawai yake ɗauka, shi ya sa dogon fim yake zuwa a faifai biyu, kuma sautinsa hanya biyu ne, dama da hagu. DVD ya fito a Japan a 1996, da ma'ajin gigabait 4,7, kuma shi ne ya yaɗa sauti mai kewaye a gidajen mutane.

Ma'anar 5.1

Sauti mai kewaye a gidajen silima aka haife shi. Fim ɗin Star Wars na 1977 ya sa tsarin Dolby Stereo ya yi suna, Batman Returns na 1992 ya buɗe zamanin Dolby Digital, sa'an nan Jurassic Park na 1993 ya gabatar da abokin hamayyarsa, DTS. Lambar 5.1 da ake gani a kwali daga nan ta samo asali. Biyar ɗin hanyoyin sauti ne masu zaman kansu: ɗaya a tsakiya, wadda take ɗauke da yawancin maganar ƴan wasa, biyu a gaba, dama da hagu, na kiɗa da motsi, biyu kuma a gefe zuwa baya, na iska da ruwan sama da hayaniyar taro. Ɗayan da ke bayan ɗigo ita ce hanyar rugugi, ta babban akwatin nan da ke sa ƙirji rawa. Idan aka ce 7.1, an ƙara biyu ne a baya.

Abin lura shi ne, hanya daban, akwati daban. Hanya ita ce abin da aka naɗa a faifai, akwati kuwa bututu ne kawai. Idan fim hanya biyu aka naɗe shi, ko lasifika goma aka jera, abu biyun nan ne za su riƙa maimaitawa. Wasu na'urori suna da dabarar raba hanya biyu zuwa biyar, irin Dolby Pro Logic II, kuma dabarar tana da daɗin ji, amma ƙiyasi ne na na'ura, ba aikin mai haɗa sautin fim ɗin ba ne.

Kauɗa da dila

Sauti na lambobi kaya ne mai cin wuri. Faifan CD, da ya fito a 1982, yana auna sauti sau dubu 44 da 100 a kowace daƙiƙa, abin da yake cin kilobit 1411 a daƙiƙa ga hanya biyu kacal. Idan aka ɗauki hanya shida ta fim, a ma'aunin da ɗakunan haɗa sauti suke aiki da shi, wato sau dubu 48 da bit 24, fim na awa biyu zai ci fiye da gigabait 6 a sauti kaɗai. DVD mai hawa ɗaya ba zai ɗauke shi ba, balle a yi zancen hoto. Dole ke nan a matse.

Matsi iri biyu ne, kuma ɗan kasuwa ya san su duka a hajarsa. Na farko kamar kauɗar tumatir yake: an shanya, ruwa ya fita, buhu goma sun koma ɗaya. Miya za ta yi daɗi, amma ko an jiƙa kauɗa ba ta komawa ɗanyen tumatir. Haka MP3 da Dolby Digital da DTS na asali suke aiki. Suna zubar da sassan sautin da aka auna cewa kunne ba ya lura da su, misali ƙaramar ƙara da ta faɗo tare da babba. Ta haka Dolby Digital yake cusa hanya shida cikin kilobit 448 a DVD, wato kimanin megabait 400 ga fim na awa biyu.

Na biyu kamar dilar auduga yake: an danne ta da inji, an ɗaure, ta rage cin wuri a mota, amma ranar da aka kwance ta, kilo nawa aka sa, kilo nawa za a tarar. Shi ne matsi marar asara. Abin da ya fito daga na'ura daidai yake da abin da aka shigar, lamba da lamba. Farashinsa shi ne wuri, domin da wuya ya rage abin da ya wuce rabi ko kashi biyu cikin uku, alhali matsi irin na kauɗa yana iya rage kashi tara cikin goma.

Wurin ya samu ne a 2006, da fitowar faifai biyu masu gaba da juna: HD DVD na Toshiba, da Blu-ray na Sony da abokansa. Aka yi shekara biyu ana ja-in-ja, har Toshiba ya janye a watan Fabrairu na 2008, waɗanda suka sayi na'urarsa suka tashi da kayan da ba a sake buga musu faifai ba. Blu-ray yana ɗaukar gigabait 25 a hawa ɗaya, 50 a hawa biyu. A kansa ne tsare-tsaren nan biyu na marar asara suka zauna: Dolby TrueHD, mai iya kaiwa megabit 18 a daƙiƙa, da DTS-HD Master Audio, mai iya kaiwa 24,5. Akwai kuma LPCM, wanda ba a matse shi ba sam. Tun da dukansu abin da aka zuba musu suke mayarwa, gardamar wanne ya fi wani daɗi ba ta da tushe idan daga uwar naɗi ɗaya aka ɗauko su. Daga baya Dolby Atmos ya shigo gidajen silima a 2012, ya iso Blu-ray a 2014, DTS:X ya biyo shi a 2015. Su kuma sun ƙara sautin da ke saukowa daga sama, kuma a faifai bisa waɗancan tsare-tsare biyu suke hawa.

Sarƙa mai zobe bakwai

Kafin sauti marar asara ya isa kunne, sai ya bi ta zobe bakwai, kuma ɗaya ya tsinke, sauran ba su da amfani.

Zobe na farko faifan ne kansa. Faifan da aka cusa wa fim takwas ko goma, irin wanda ya cika tebura a kasuwanni, lissafi kaɗai ya isa ya tona shi: idan fim goma suka raba gigabait 4,7, kowanne bai samu rabin gigabait ba, hoto da sauti duka. Tambarin da aka buga a bangonsa ado ne.

Na biyu na'urar karanta faifai. Na'urar DVD ba ta karanta Blu-ray, ko da an rubuta HD a goshinta. Sa'an nan an raba duniya shiyya-shiyya: a Blu-ray, Afirka da Turai suna shiyyar B, Amurka tana A, kuma faifan da aka kulle wa wata shiyya ba ya buɗuwa a na'urar wata. Faifan Ultra HD Blu-ray na 2016 ne aka sake babu wannan kulle. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, duk inda aka ga PlayStation 3 ko PlayStation 4 a gidan wasan yara, na'urar Blu-ray ce a zaune.

Na uku waya. Wayoyin nan ja da fari hanya biyu suke ɗauka. Wayar haske, wadda ake kira optik, tana ɗaukar Dolby Digital da DTS na asali, amma ba ta da faɗin da TrueHD ko Master Audio za su wuce. Sai HDMI, kuma tun daga ƙa'idar 1.3 ta 2006 ne take iya miƙa su yadda suke. Idan sautin ta cikin talabijin zai bi ya komo, sai ramin yana da alamar eARC, wadda ta zo a 2017. Mai alamar ARC kawai ba ya ɗaukarsu. Bluetooth kuwa, yadda aka saba amfani da shi tsakanin salula da lasifika, hanya biyu ce matsattsiya. A nan akwai wani tarko: an tsara faifan Blu-ray yadda idan hanya ta ƙi, na'ura za ta koma kan sauti matsattse ba tare da ta yi gargaɗi ba. Mutum yana iya shekara yana yabon abin da bai taɓa ji ba.

Na huɗu akwatin da yake fassara sautin ya ƙara masa ƙarfi, wato ampili. Yawancin abin da ake sayarwa da sunan silimar gida a kasuwannin yankin, babban akwati ne na rugugi da ƙananan lasifika biyu zuwa biyar, mai ramin USB da na katin memwar da rediyo. Wanda ya juya bayansa ya ga babu ramin shigar HDMI, ya san wannan kaya ba zai fassara TrueHD ba har abada. Ba aibi ba ne a gare shi, domin ba don haka aka ƙera shi ba. Aibin yana ga wanda ya sayar da shi da wannan suna.

Na biyar lasifikan. A nan ne ake wasa da lambobi. Dubban wat da ake bugawa da manyan baƙaƙe tare da haruffan PMPO ba su da wata ƙa'ida da aka yarda da ita. Lambar da ake dubawa ita ce ta RMS, tare da ƙarfin wutar da na'urar take ja, wanda aka rubuta a ɗan allon bayanta. Na'urar da take jan wat 60 daga bango ba za ta riƙa fitar da wat 3000 ba, kamar yadda tulu ba ya zubo ruwan da ya fi wanda aka ɗura masa.

Na shida ɗaki. Ɗakin siminti mai tayil da rufin kwano, babu labule babu shimfiɗa, amsa-kuwwa yake yi, magana ta cakuɗe. Ɗakin ƙasa mai rufin azara, da tabarmi da katifa da labule, ya fi shi kyautata wa sauti nesa ba kusa ba. Jeri ma yana da ƙa'ida: ta tsakiya dab da talabijin, na gaba biyu su buɗe kamar digiri 30 kowane gefe, na kewaye su kasance gefen mai zama, ɗan baya kaɗan. Wanda ya tara duka biyar bisa kabad ɗaya domin su yi kyaun gani, ya mayar da 5.1 hanya ɗaya da hannunsa.

Na bakwai wuta. Layin da ke ciyar da Damagaram da Maraɗi daga Katsina yake tasowa, kuma ba a manta da abin da ya faru ba daga watan Agusta na 2023 zuwa Maris na 2024, lokacin da Najeriya ta yanke wa Nijar wuta bayan juyin mulkin 26 ga Yuli. A ƙauyukan da layi bai kai ba, pano da batir da gurup ne madogara. Ampili na gaske mai cin wuta ne, kuma hawa da saukar wuta yana ƙona shi. Kayan hannu da aka ƙera domin Amurka na volt 120 ne, alhali wutar Nijar 220 ce. Daɗin daɗawa, fifikon sauti marar asara a cikin ƙananan abubuwa yake, irin wutsiyar amon garaya ko numfashin mai magana. Idan gurup yana ƙugi a tsakar gida, fanka tana kaɗawa a ka, waɗannan su ne farkon abin da yake nutsewa.

Me ake kallo?

Ko da zoben bakwai sun cika, sauran tambaya ɗaya, wadda ta fi su duka nauyi: me za a sa a ciki? Kasuwar fina-finan Hausa ba ta bi ta kan Blu-ray ba. Daga VHS ta koma VCD da DVD, daga nan ta tsallaka zuwa katin memwar da shagunan tura fim a salula, sa'an nan tashoshi irin Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, da YouTube, inda shiri mai dogon zango irin Izzar So ya samu miliyoyin masu kallo tun daga 2020. Fina-finan Indiya da ake fassarawa da Hausa a Kano su ma ta wannan hanya suke zuwa. Duk waɗannan sautinsu matsattse ne, kuma galibi hanya biyu. Ƙwallon ƙafa da ake kamawa ta tauraron ɗan'adam, wanda shi ne ke cika gidajen kallo, shi ma matsattse ne. Har manyan kamfanonin haya ta intanet irin Netflix, Dolby Digital Plus suke aikowa, wanda yake cikin dangin kauɗa, ko da an rubuta Atmos a kansa.

A can ƙasashen da aka ƙirƙiro faifan ma kasuwarsa ja da baya take yi. Kamfanin Oppo ya daina ƙera na'urorin Blu-ray a 2018, Samsung ya daina fito da sababbi a Amurka a 2019, LG ya bi sahu a ƙarshen 2024. Ɗan kasuwar da aka yi wa tayin irin waɗannan na'urori da araha, ya kamata ya tambayi kansa inda masu sayensa za su samu faifan da za su sa.

Wannan ba ya nufin sauti marar asara ƙarya ne. Gaskiya ne, kuma a ɗaki mai shiru da kaya masu kyau yana da darajarsa. Sai dai bambancinsa da matsi mai inganci siriri ne, har ƙwararru sukan kasa rarrabewa idan aka ɓoye musu wanne ke tafiya. Bambancin lasifika mai kyau da marar kyau kuwa, yaro ma yana jinsa daga zaure.

Inda kuɗi ya fi amfani

Ga ma'aikacin da yake son gyara ɗakinsa, jerin da hankali yake bayarwa a bayyane yake. A fara da kare wuta, da na'urar daidaita ta. A bi da lasifika biyu nagari, domin biyu masu kyau sun fi biyar na banza, kuma da su ne za a ji labarai da wa'azi da waƙa da fim. A gyara ɗaki da labule da shimfiɗa, abin da kusan ba ya cin komai. Idan hali ya ƙaru, a ƙara ta tsakiya saboda magana ta fito sarai, sa'an nan akwatin rugugi, sa'an nan na baya. Maganar TrueHD da Master Audio ita ce ta ƙarshe, ga wanda ya tabbata yana da faifan asali da hanyar samun wasu. Kuma kada a biya kafin a ji: mai saye ya tafi da waƙa ko karatun da kunnensa ya sani, a sa masa a shago, a rage ƙarfi, domin a ƙaramar murya ake gane lasifika, ba a tsawa ba.

Ga mai gidan kallo, wanda jama'arsa suke zaune a fili, sauti mai kewaye ba shi da wurin zama, tun da an tsara shi ne domin ƴan mutane kaɗan a tsakiyar ɗaki. Abin da yake bukata shi ne murya ta kai bencin ƙarshe ba tare da ta fashe ba, ba tare kuma da ta hana maƙwabta barci ba.

Ga ɗan kasuwa kuwa, a gari irin Mallawa mai saye ba baƙo ba ne. Gobe za a haɗu da shi a masallaci, jibi a wurin suna. Ribar da aka ci ta hanyar nuna tambarin da ke kwali ta yini ɗaya ce. Wanda ya juya bayan na'ura ya nuna wa mai saye abin da take iyawa da abin da ba ta iyawa, shi ne za a aiko wa ƙane da aboki.

Amanar da ke cikin akwatuna

Akwai wuri ɗaya da maganar matsi marar asara ta zama wajibi ga wannan ƙasa, kuma ba ɗakin kallo ba ne. A gidaje da yawa na Damagaram da Magarya da Dungas akwai akwatunan tsofaffin kaset: waƙoƙin Ma'azu Ɗan Alalo, makaɗin fadar Damagaram da ya rasu a 2002, da na Mamman Shata da ya rasu a 1999, da na Ɗan Gurmu da Sa'adu Bori, tafsirin malaman da suka riga mu gidan gaskiya, kiɗan kokawa, saƙon murya da ɗan ci-rani ya aiko wa mahaifiyarsa. Zafi da ƙura suna cin zaren kaset, rakodojin da za su karanta shi kuma suna ƙarewa.

Abin da aka saba yi shi ne a kai kaset shago a juye shi zuwa MP3 mafi ƙanƙanta, a tura ta WhatsApp, wani ya sake matse shi, sa'an nan a yar da kaset ɗin. Kowane sabon matsi sabuwar asara ce, kuma abin da ya zube ba ya dawowa. Ƙungiyar masu adana sauti ta duniya, IASA, tana ba da shawarar a juye irin wannan naɗi aƙalla a ma'aunin sau dubu 48 da bit 24, ba tare da zubar da komai ba. A tsarin WAV, kaset na awa ɗaya kimanin gigabait ɗaya yake ci. Tsarin FLAC, wanda yake kyauta tun 2001, yana rage wannan ba tare da asara ba. Katin memwar ɗaya na gigabait 64 zai ɗauki kaset sittin. Daga wannan uwa ana iya cire MP3 dubu a raba wa jama'a, ita kuwa a ajiye ta wuri biyu ko uku, a kuma riƙe kaset ɗin.

Cibiyoyi irin CELHTO, da aka kafa a Yamai a 1968 domin tattara tarihin baka, da IRSH ta Jami'ar Abdou Moumouni, suna da nasu rumbun. Amma abin da ke cikin akwatin wani tsoho a Mallawa ba ya cikin rajistar kowa, kuma sau da yawa shi kaɗai ne kwafin da ya rage a duniya. Fim ɗin Amurka, idan ya lalace, akwai dubunsa a wani wuri. Muryar kaka idan ta goge, ta tafi ke nan. Gidajen rediyon karkara, da masu shagunan tura waƙa, da ma'aikatan da suke da kwamfuta a ofis, su ne suka fi kusa da wannan aiki, kuma kuɗinsa bai kai na lasifika ɗaya ta baya ba.